Fis Ba Ya Ƙonewa Banza: Jan Kunne Ga Masu Jirgin Batir

Wanda ya yi sammako zuwa bakin Tafkin Jabi a Abuja zai tarar da masunta cikin kwalekwale suna duba komarsu tun rana ba ta fito ba. An datse wannan ruwa ne domin shayar da sabon babban birni, kafin Dam ɗin Usuma na wajen Bwari ya karɓi aikin, amma yau kifinsa abincin gidaje ne. Galibin masuntan da filafili suke tuƙi, kamar yadda suka gada. Injin fetur kuwa, irin wanda ake gani a Yawuri da Kainji, tun da aka janye tallafin mai a 2023 ya zama sai mai hali.

Wannan ne ya sa hankali ke komawa ga ƙaramin injin nan mai aiki da batir. Ba sabon abu ba ne a duniya, gama wani mutumin Amurka, O. G. Schmidt, ya fara ƙera shi a garin Fargo tun 1934. Ba shi da ƙara, ba shi da hayaƙi, ba ya korar kifi. Amma yana da hali guda da ke ba mai shi haushi, watau ƙonewar fis a tsakiyar ruwa.

To, mun san halinmu. Fis ya ƙone a gida, sai a nemo silin waya a ɗaure, wuta ta dawo. Wanda ya kai wannan dabara cikin jirgi ya sayi rigima da kuɗinsa. Fis mai gadi ne: an yi shi da rauni da gangan, domin in wuta ta yi yawa shi ya mutu, waya da inji su tsira. Injin batir mai bolt 12 yakan ja amfiya 30 zuwa 50 in an sake masa gudu. In aka cire mai gadi, waya za ta yi ja, robarta ta narke. Jirgin katako ne, ga komar leda, wani lokaci ga galan na fetur kusa, gaɓa kuma da nisa.

Ruwa ba ya tsami banza. Sai mai jirgi ya lura da lokacin da fis ɗin ke ƙonewa, gama a nan amsar take.

In da jona batir ya ƙone nan take, waya biyu sun haɗu. A bi su da hannu daga batir har inji, musamman inda suke goga bakin jirgi ko ƙusa, ko inda ɓera ya ɓare su.

In sai an kunna inji yake ƙonewa, a fara zargin farfela. A cire waya daga batir tukuna, a ɗaga injin, a juya farfela da hannu. Zaren koma da igiyar mamari da ciyawar ruwa sukan nannaɗe bayanta, inji ya yi ta nishi yana jan wuta fiye da kima. A kwance noti, a zare farfelar, a tsabtace sandar. Kada a yi sakaci da wannan, don zaren yakan yanke robar da ke tare ruwa, ruwa ya shiga cikin inji, daga nan kuma sai gyara mai tsada.

In kuwa sai an yi tafiya mai ɗan nisa sa'an nan ya ƙone, a duba abu uku: lodin da aka yi wa jirgi, tsatsa ko sakin noti a kan batir da gidan fis, kana girman fis ɗin kansa. Kan da ya yi kore ko ya saki yakan yi zafi har fis ya narke ba tare da laifin inji ba. Lambar da masu ƙera injin suka rubuta ita za a bi, sau da yawa 50 ko 60. Waya kuma ta zama mai kauri, ba irin ta fitilar ɗaki ba, fis ɗin kuma ya zauna dab da kan batir mai alamar tarawa.

An duba duk waɗannan, sabon fis ya sake ƙonewa? To, cutar tana ciki. A kai wa masu gyaran wutar mota, ga su nan birjik a Apo, su buɗe su duba gawayin injin da naɗin wayarsa.

Daga ƙarshe, ba a fafe gora ranar tafiya. Fis biyu ko uku a cikin leda, sifana, rigar ruwa da filafili kada su bar jirgi. Kuɗin fis bai kai na kifi guda a kasuwar Kado ba, jirgi kuwa jarin shekaru ne, rai kuma ba shi da safaya.