Kula da Tsofaffin Motocin Gas Masu Jan Ƙafa Huɗu: Bayani ga Direbobi, Jami'an Ƙananan Hukumomi da Jama'ar Karkara

Duk wanda ya tsaya a shataletalen Runjin Sambo da sanyin safiya zai ga irin motocin da wannan bayani ya shafa suna ficewa daga garin Sakkwato: Land Cruiser mai dogon jiki wadda aka mayar ta ɗaukar marasa lafiya, da a-kori-kura ƙirar Hilux wadda fentinta ya koɗe, wasu na hukuma, wasu kuma na manoma da 'yan kasuwa da suka saye su a gwanjo. Su ne ke kai taki Gidan Madi, su kai allurar rigakafi Balle, su ɗauko mai naƙuda daga ƙauyen da kwalta ba ta kai ba. Irinsu ne suka yi ta jigilar akwatunan sanyi na maganin shan-inna har zuwa watan Agustan 2020, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka. Idan irin wannan mota ta mutu a daji, ba ƙarfe kaɗai ya tsaya ba. Magani na iya lalacewa, majinyaci na iya galabaita, sannan a sassan da ake fama da matsalar tsaro babu mai son rana ta faɗi yana tsaye a gefen hanya.

Abin da ya sa waɗannan motoci suka daɗe suna aiki shi ne sauƙin ƙirarsu. Kamfanin Toyota ya fara fitar da Land Cruiser jerin 70 a 1984, kuma daga 1990 ya sanya mata injin 1HZ mai silinda shida da girman lita 4.2. Tsofaffin Hilux kuwa da yawansu na ɗauke da injin 3L mai lita 2.8 ko 5L mai lita 3.0. Galibin waɗannan injuna ba kwamfuta ke sarrafa su ba; famfon mai ne na ƙarfe ke tura gas zuwa nozul. Injin gas ba shi da filogin wuta irin na motar fetur, matse iska yake yi har ta yi zafi ta kunna man da aka fesa. Saboda haka abubuwa uku yake bukata: iska mai tsabta, mai mai tsabta, da isasshen zafi a lokacin tayarwa. Yawancin matsalolin da ke tsayar da mota a hanya daga ɗaya cikin ukun nan suke fitowa, kuma direba mai lura zai iya gano su da kansa.

Mai da ruwan da ke cikinsa

A nan ne ya kamata a fi mayar da hankali. Tun 2022 da farashin litar gas ya haura naira 800, mutane da yawa suka koma sayen mai a jarka daga hannun 'yan bumburutu, wasu kuma suna gauraya shi da kananzir. Gas shi ne ke shafe cikin famfon mai yayin da yake wucewa, kananzir kuwa ba shi da wannan santsi, don haka famfon yakan cinye kansa a hankali. Kuɗin gyaran famfo ɗaya ya fi ƙarfin abin da aka rage a wajen sayen mai nesa ba kusa ba. Idan ya zama dole a sayi na jarka, a bar shi ya kwanta, a tace shi da ƙyalle mai tsabta, kuma kada a juye na ƙarshen gindin jarka a tanki.

Ruwa ya fi gas nauyi, shi ya sa aka yi wa filtar mai mazauni a ƙasa inda yake taruwa, tare da ɗan murfi da ake kwancewa da hannu. A saman filtar akwai ƙaramin famfo da ake dannawa. A sa gwangwani a ƙasa, a sassauta murfin, a danna famfon har sai ruwa ya ƙare mai tsantsa ya fara fita, sannan a ɗaure. Aikin bai kai minti biyar ba. Marubucin wannan bayani ya taɓa shafe kusan awa uku a ƙarƙashin wata bishiyar aduwa a kan hanyar wani ƙauye, bayan motar ofis ta yi ta shaƙewa har ta mutu. Fitilar gargaɗin ruwa ta yi kwana biyu tana ci, direba ya ɗauka lalacewar waya ce. Wani dattijo mai injin ban-ruwa ne ya zo wucewa ya zubar da ruwan, bai ko ɗauki sifana ba.

Haka kuma, idan mai ya ƙare ƙaf a tanki ko aka sauya filta, iska takan shiga bututu, injin ya yi ta juyawa ba ya kamawa. Maganinsa shi ne a danna wannan ƙaramin famfo har ya yi tauri kafin a murza makulli. Idan kullum da safe sai an yi haka, to akwai tiyo da ya tsage ko roba da ta saki tana shigar da iska, a bi layin mai daga tanki zuwa famfo a nemi wurin da ya jiƙe. Ana kuma shawartar direbobi su cika tanki da yamma, domin tankin da babu mai sosai yakan yi gumi a ciki idan dare ya yi sanyi.

Idan mota ta ƙi tashi

Kafin a aika neman bakanike, a saurara. Idan an murza makulli aka ji ƙas-ƙas kawai, ko fitilu suka dushe, matsalar ta batir ce ko ta kawunansa. A kwance su, a goge farin garin da ya taru, a ɗaure da kyau. Lafiyayyen batir yakan nuna kusan volt 12.6 idan mota na kashe, ya kai tsakanin 13.5 da 14.5 idan injin na aiki. In bai ƙaru ba, na'urar cajin ce ko bel ɗinta. A lura cewa wasu Land Cruiser da aka shigo da su na hannu masu volt 24 ne da batir biyu, kada a haɗa su da batir ɗin wata mota ba tare da an tabbatar ba.

Idan kuwa injin na juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, a dubi salansa. In babu hayaƙi ko kaɗan, mai ba ya isa injin: ko iska, ko toshewar filta, ko kuma ɗan makunnin lantarki da ke jikin famfo wanda ke buɗe wa mai hanya. Ana jin ƙararsa kaɗan idan an kunna makulli, in ba a ji ba a duba fis da wayarsa. In kuwa farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas na fita, mai na zuwa amma zafi bai isa ba, wato hita ta mutu. Wannan ya fi bayyana da asubahin hunturu, tsakanin Disamba da Janairu. A jira fitilar hita ta mutu kafin a tayar, kuma kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15 a jere, don gudun ƙona kik.

Hayaƙi na ba da labari ko mota na tafiya. Baƙin hayaƙi na nufin mai ya fi iska yawa, kuma a ƙasarmu abin zargi na farko shi ne filtar iska da ƙurar hunturu ta toshe. A riƙa fitar da ita kowane mako a wannan lokaci, a hura ta daga ciki zuwa waje, ba a buga ta da ƙarfi a jikin taya ba. Wadda ta yage a jefar, domin yashin da ya wuce ta cikin injin zai nufa. In an sauya filta hayaƙin bai ragu ba, a kai nozul gwaji. Shuɗin hayaƙi alama ce ta injin na cin baƙin mai. Farin hayaƙin da ba ya yankewa bayan injin ya ɗumama, tare da raguwar ruwan lagireto, ko baƙin mai ya koma kalar koko, alama ce ta gasket ya ƙone. A kashe mota nan take.

Zafin bazara

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, kuma a lokacin ne injuna ke tafasa. A duba ruwa kowace safiya tun injin na sanyi, kada a taɓa buɗe murfin lagireto da zafi, mutane da dama sun ƙone fuska da hannu ta haka. A wanke ƙaiƙayi da ciyawar da ke manne a gaban lagireto, a duba fanbel ko ya saki ko ya tsattsage. Ruwan rijiya a wurare da yawa na ɗauke da farar ƙasa, irin dutsen da masana'antar siminti ta Kalambaina ke haƙa, kuma ita ce ke daskarewa ta toshe ƙananan hanyoyin lagireto. Ruwan sanyaya inji na kwalba ya fi. Akwai al'adar cire na'urar daidaita zafin ruwa da zarar mota ta fara zafi, wai ta ƙasashen sanyi ce. A ganinmu wannan rufe ido ne kawai ga ainihin cutar, wadda galibi toshewar lagireto ce ko fanka da ta daina ja.

Baƙin mai kuwa, a irin ƙurarmu, a sauya shi tare da filtarsa kowane kilomita 5,000.

Giyar ƙafa huɗu da damina

Waɗannan motoci da ƙafar baya suke tafiya a kan kwalta. Sai an shiga yashi ko taɓo ake murɗa makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba zuwa LOCK, duka biyun, a sa ƙaramar giya a H4. Idan wurin ya yi tsanani a tsaya cak, a taka kuloci, a sa L4. Da an hau kwalta a mayar da komai yadda yake, domin tafiya da ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta na murɗe farfela da giya, ya kuma cinye taya. Sai dai kada a bar makullan shekara guda ba a taɓa ba. A kulle su sau ɗaya a wata a yi tafiyar kimanin kilomita 16 domin mai ya zagaya aksul na gaba. A cikin yashi mai zurfi rage iskar taya ya fi taka totur amfani, amma a mayar da iskar kafin a yi gudu.

Waɗanda suka shaida ambaliyar Kogin Rima ta watan Satumban 2010, wadda ta karya gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sun san ƙarfin ruwa. Ko ƙaramin rafi ne, a sauka a auna zurfinsa da sanda tukuna. Idan injin ya mutu a tsakiyar ruwa kada a sake tayar da shi, a jawo motar waje, domin ruwan da ya shiga silinda ba ya matsuwa, sai dai ya lanƙwasa ƙarfe. Bayan ƙetarewa a taka burki a hankali har ya bushe, a duba man aksul ko ya yi fari, a kuma sa giris a gaɓoɓin farfela.

Abin da ya rataya a wuyan jami'ai

Ana kira ga jami'an da ke kula da motoci a ƙananan hukumomi 23 na jihar nan da su ajiye littafi a cikin kowace mota, a riƙa rubuta ranar sabis da adadin kilomita, domin direba kan sauya, motar kuwa tana nan. Babban dalili shi ne bel ɗin cikin inji mai daidaita bugunsa. A tsofaffin injunan nan ana sauya shi a kilomita 100,000, wasu na baya-baya kuma 150,000, kuma fitilar T-BELT ce ke tunatarwa. Ba ya ƙara kafin ya tsinke, in kuma ya tsinke fistin kan daki bawul, injin ya tashi aiki. Duk motar da aka saya a gwanjo ba tare da takardar tarihinta ba, a sauya mata shi kafin ta fara aiki.

Wannan bel, da buɗe famfon mai, da gyaran nozul, da gasket, aikin ƙwararren bakanike ne. Kada kuma a sa hannu kusa da bututun nozul injin na aiki, domin feshin na iya huda fata, kuma kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Kafin fita doguwar tafiya, mai kula da motoci ya tabbatar akwai safayar taya mai iska, fanbel, filtar mai sabuwa, fis, jarkar ruwa, shebur, igiyar ja da tocila, ya kuma rubuta sunan garin da aka nufa da lokacin da ake sa ran dawowa.