Awon Tsakuwar Ƙoda: Hanyoyi Uku da Bambancinsu

A Na'ibawa, bakin hanyar Zariya, akwai masu aikin ƙarfi da yawa, watau 'yan katako da 'yan dako da masu sammako zuwa masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai. Mai aiki cikin zafi ya kan zub da gumi, fitsarinsa ya yi kauri, har gishirin da ke ciki ya dunƙule ya zama tsakuwa a ƙoda. Wanda ya taɓa yin ta, sau da yawa ta kan komo masa. Saboda haka ya kamata hakimai da malamansu su san amfanin auna ta.

Tsakuwa iri iri ce. Wajen takwas cikin goma na kalsiyam ne. Akwai ta yurik asid, wadda a ke iya narkar da ita da magani. Akwai wadda ƙwayoyin cuta ke haifarwa, ita kuwa sai an fid da ita duka, sa'an nan a kashe ƙwayoyin. Akwai kuma ta sistin, wadda a ke gado. Tun da ya ke maganinsu dabam dabam ne, in awo ya kuskure, magani ma ya kuskure.

Hanya ta fari ita ce ta sinadarai. A daka tsakuwa, a narkar da ita, a ɗiga mata magunguna, a duba launin da ya fito. Tsohuwar hanya ce, gama tun cikin 1776 Scheele, mutumin Suwidin, ya gano yurik asid cikin tsakuwar mafitsara, Wollaston na Ingila kuma ya gano sistin cikin 1810. Tana da araha, amma tana bukatar tsakuwa mai ɗan girma, kuma in gauraye ce ta kan ruɗa mai awo. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Turai ta ɗauke ta hanyar da aka daina yayi.

Ta biyu ita ce ta hasken eksire. A kan harba shi kan garin tsakuwa, kowane irin ƙwayar gishiri ya watsa shi ta nasa fasali. Prien da Frondel na Amurka sun buga bincikensu da ita cikin 1947. Tana da tabbaci ƙwarai, sai dai na'urarta da tsada, kuma ba ta gane abin da bai ƙanƙare ba.

Ta uku ita ce ta hasken infared, wanda ya ke gaba da ja a bakan gizo, ido ba ya ganinsa. Kowane sinadari da sashen hasken da ya ke shanyewa, na'ura kuwa ta zana shi a takarda. Ɗan ɓarɓashi ya isa, cikin mintoci kaɗan an gama, amma lalle mai karanta zanen ya zama gwani. Ita da ta biyu su ne masana suka amince da su.

To, abin da a ke roƙon hakimai su sanar wa dagatai da masu unguwanni shi ne, wanda ya fitsarar da tsakuwa kada ya yar da ita. Ya tace fitsari da ƙyalle mai tsabta, ya ɗauraye ta, ya shanya, ya sa a busasshiyar kwalba, ya kai wa likita, ya kuma tambayi hanyar da za a auna ta. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa cikin 1988, yana kan hanyar Zariya ɗin nan. Ma'aikata kuma su yawaita shan ruwa, balle da bazara, gama rigakafi ya fi magani.