Kashe Waya Ba Ya Biyan Bashin Gida

Wata ranar Asabar na tsaya a Kabo a hanyata ta zuwa Gwarzo, don in gaida wani abokina malamin firamare da na yi wata guda ina kira ba na samu. Na tarar da shi a zaure, lafiyarsa ƙalau, wayar tana kan tabarma a kife, an cire mata layi. Da na matsa masa, sai ya shiga cikin gida ya fito da wata jakar leda. A ciki akwai wasiƙu uku daga bankin da ya ba shi lamunin ginin gidan da muke zaune a zaurensa. Biyu daga ciki ko buɗe su bai yi ba.

"Malam, me ya hana ka karantawa?"

Ya ce, "Ai na san abin da ke ciki. Kuɗi suke so, ni kuwa ba ni da su."

Wannan amsar ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ba shi kaɗai ba ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 albashi ya daina kai mutum ƙarshen wata, ko da aka ɗaga mafi ƙarancinsa zuwa naira 71,000 a Kano. Babu mai zargin wanda ya gaza biya a irin wannan hali. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muke yi bayan mun gaza: a kashe waya, a ce wa yaro ya ce Baba ba ya nan, a sauya hanyar zuwa masallaci. Mutum ya ɗauka in bai ga takarda ba, kwanakin da aka ɗiba masa ba sa tafiya. Suna tafiya, kuɗin ruwa na hawa, tarar jinkiri ma na hawa.

Amma ba wasiƙun ne suka fi tayar mini da hankali ba. Da abin ya ishe shi, maimakon ya je banki, sai ya nufi wajen wani Alhaji mai hali a wani ƙauye ta wajen Getso, ya jinginar da gonar gadonsu ya karɓi kuɗi, wai ya toshe watanni uku. Ba takarda, ba shaida sai ɗan mai kuɗin. Mai unguwa bai sani ba, balle dagaci. Ƙannensa mata biyu da ke da rabo a gonar ba wanda ya shawarce su. Kuɗin ya shiga banki ya ɓace kamar an zuba ruwa a rairayi, wata na huɗu ya zo da nasa, ga shi yanzu gida na hannun banki, gona na hannun Alhaji, Alhaji kuma yana nomanta yana kwashe amfanin ba tare da an rage ko sisi daga uwar kuɗin ba. An gudu daga gara an faɗa zago.

Malami ne fa, mai koya wa 'ya'yan mutane karatu! Ya san aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ya sha jin malamanmu suna cewa wanda ya ba da rance ya riƙa cin amfanin abin da aka jinginar masa ya shiga riba. Amma kunyar kada a ce ya karye ta fi ƙarfinsa.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba a takardun da suke sa wa hannu. Yawancin yarjejeniyoyin jinginar gida suna bai wa banki ikon sayar da gidan in an saɓa, bayan ya ba da sanarwa, ba sai ya je kotu ba. Wasiƙar da ka ƙi buɗewa, mai yiwuwa ita ce sanarwar. Kuma tun watan Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar bin lambar BVN su cire abin da suke bin mutum daga asusunsa na wani bankin daban, in ya amince da hakan lokacin karɓar bashin, kuma kusan kowa ya amince bai karanta ba. To wa kake ɓuya wa?

Shi kuwa banki, gidanka ba shi ne burinsa ba. Gida a Kabo ko Garo ba gida ba ne a unguwar Nasarawa ta Kano. Kafin a samu mai saye an wahala, kuma wa zai so ya shiga gidan da aka fitar da maƙwabcinsa? Wannan shi ne ƙarfin da kake da shi, kuma ya fi tasiri a watan farko. Ka je da ƙafarka, ka rubuta takarda ka bayyana abin da ya faru, ko jinya ce, ko albashi ne ya tsaya, ko kasuwa ce ta faɗi. Ka nemi a ƙara maka shekarun biya don abin da ake cira duk wata ya ragu, ko a ɗaga maka ƙafa na wasu watanni, ko a yafe tarar jinkiri. Ka sa su buga hatimi a kwafinka ka adana. Alƙawarin baki da wani jami'i ya yi maka a tsaye ba ya aiki ranar da aka yi masa canjin wurin aiki. Ka kuma nemi cikakken lissafin bashin tun daga farko, ka zauna da wanda ya iya lissafi ku bi shi layi-layi. In ka ga cajin da bai dace ba kuma banki ya ƙi gyarawa, Babban Banki yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna da ake kai ƙorafi.

Ma'aikaci kuma ya duba takardar albashinsa. In ana cire masa kashi 2.5 na asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992, to yana da hurumin neman lamunin Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, mai ruwa kashi 6 a shekara, ana biya har tsawon shekara 30. Akwai waɗanda ake yanka wa kuɗin nan shekara da shekaru amma suka je suka ci bashin kasuwa mai ninkin wannan ruwan sau huɗu ko biyar. Wanda ke gudun ruwa ɗungurungum, akwai bankuna irin su Jaiz da ya buɗe a Kano tun 2012, amma su ma sai an biya, kuma su ma ba sa son a kashe musu waya.

In magana ta kai ga shari'a kuma ba kuɗin lauya, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa tana da ofis a Kano, akwai kuma cibiyar sasanci ta babbar kotun jiha. In har sayar da gidan ya zama dole, gara ka nemi izini ka sayar da kanka da daraja, ka biya, ka riƙe ragowar, da a yi gwanjonsa. Ko bankin ne ya sayar, abin da ya saura bayan an cire bashi da ɗawainiya naka ne, ka tambaya.

Ranar Litinin muka shiga mota tare da abokin nawa zuwa Kano. Jami'in bankin ya buɗe fayil, ya duba, ya ɗago kai ya ce, "Malam, da tun wasiƙar farko ka zo, da ba mu kai nan ba." An ƙara masa shekaru, an rage abin da ake cira, tarar kuwa rabi kawai aka yafe. Gidan dai ya tsira.

Gonar ce har yau ba ta dawo ba. An zauna gaban dagaci sau biyu, Alhaji ya ce adadin da ya bayar ya fi wanda abokina ke faɗa, shaida kuma ɗansa ne. Ƙannen mata sun daina zuwa gidan. Da na bi ta wajen a watan jiya, dawar Alhaji ta fi ni tsayi.