Mai Tarbar Hadari a Maikunkele

A Amurka akwai masu cin abinci da bin hadari. Tsakanin Afrilu da Yuni sukan loda kyamarori a mota, su bazama filayen Oklahoma da Kansas suna farautar guguwa don su ɗauki hotonta. Wasu a nan ajalinsu ya riske su, irin su Tim Samaras da guguwar El Reno ta halaka a 2013. Mu a Minna hadari har gida yake iske mu, kuma akwai wanda aikinsa ke nan ya tsaya ya tarbe shi: mai lura da yanayi na hukumar NiMet, a filin jirgin sama na Maikunkele.

Aiki ne na ido da haƙuri. Sa'a bayan sa'a zai fita ya buɗe farin akwatin nan mai tsagi-tsagi da ke tsaye a fili, ya karanta ma'aunin zafi da na laima, ya duba inda iska ta fito da ƙarfinta. Sannan ya ɗaga kai. A lissafinsa sama kashi 8 ce, sai ya rubuta kashi nawa gajimare ya rufe. Ruwan da ya sauka kuwa yakan juye shi daga ma'auni zuwa kwalbar awo, ya sunkuya har idonsa ya yi daidai da bakin ruwan, ya karanta milimita.

A farkon damina ne ake gane gwani. Rana ta take, gari ya yi tsit, zufa na tsiyaya, can gabas sai ga gajimare ya yi toroƙo, kansa ya baje kamar uwar maƙera. Mai lura ya san sanyin iskar da ke rigan ruwa isowa ita ce mai yaye kwanon rufi. 'Yan kasuwa na tattara kaya, 'yan acaɓa na neman mafaka, shi kuwa yana ƙirga tazarar walƙiya da tsawa: daƙiƙa 3, kusan kilomita 1 ke nan. Nan take rahotonsa ya tafi ga matuƙin jirgi, ya kuma shiga kundin da ake gina hasashen damina a kansa. Ɗaliban jami'ar fasaha da ke Gidan Kwano ma da irin waɗannan alƙaluma suke nazari.

Abin da ke damuna shi ne inda labarin ke maƙalewa. Ambaliyar Mokwa ta watan Mayun 2025 ta ci rayuka fiye da 150. Gargaɗin da ya tsaya a Turanci cikin takarda bai isa ga manomin doya ko mai kamun kifi a bakin kogin Kwara ba.

Don Allah gidajen rediyon jihar Neja su ware wa masu lura da yanayi ko da minti 5 kullum a lokacin damina, da Hausa da Nufanci da Gwaranci.