In Ƙarfin Namiji Ya Ragu

Karatunmu na yau magana ce da maza ba su son yinta a gaban jama'a. Mun san haka. Amma mun ga aure ya mutu saboda an yi shiru a kanta, mun ga kuɗin hatsi ya ƙare a hannun masu tallar magani. Saboda haka za mu karanta ta a hankali, cikin ladabi. Ajin maza su karanta daban, ajin mata daban, don kowa ya saki jiki ya yi tambaya.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Duk wanda ya yi kiwo a ƙasar Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, ya san bambancin bunsuru da taure. Bunsuru yana da wari, yana da faɗa, ba ya barin awaki su huta. Taure kuwa, da ya ke an fiɗiye shi, ba ruwansa da akuya. Sai ci, sai kwanciya, sai ƙiba. Haka bijimi ya ke da san da aka dandaƙe don noma. Me aka taɓa a jikinsu? 'Ya'yan maraina kaɗai. Amma ga shi halin dabbar duka ya sāke.

Iyayenmu sun daɗe da ganin wannan. Dalilinsa ne ba a gane da wuri ba. A shekarar 1849 wani malamin likita a ƙasar Jamus, sunansa Berthold, ya gwada abin da 'yan zakaru 6. Waɗanda ya cire wa maraina duka, zankonsu bai girma ba, ba su yi cara sosai ba, ba su bi kaji ba. Waɗansu kuwa ya cire, sa'an nan ya mayar da ƙwaya ɗaya cikin cikinsu, ba a wurinta na asali ba. Waɗannan suka girma zakaru cikakku, da cara da faɗa. Daga nan aka gane maraina suna zuba wani abu cikin jini, jini kuma ya kai shi ko'ina a jiki. Sai a shekarar 1935 masana a birnin Amsterdam suka tace abin daga marainan bijimai, suka sa masa suna testosteron. Mu a nan za mu kira shi sinadarin maza.

Aikinsa a jiki

Shi ne ya ke mai da yaro namiji. In yaro ya kai balaga, shi ke sa muryarsa ta yi kauri, gemu da gashin baki su fito, ƙirji ya buɗe, damtse ya cika. In ya girma, shi ke riƙe masa sha'awar iyali. Yana taimakon maraina su yi ƙwayoyin haihuwa da ke cikin maniyyi. Yana ƙarfafa ƙashi, yana taimakon jiki wajen yin jini.

Maraina ba su yin aikin nan da ra'ayin kansu. Akwai wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, girmansa kamar ƙwayar wake. Shi ke aika musu umurni ta cikin jini, kamar yadda hakimi ya ke aika wa dagaci. To, ku lura. Sinadarin ya kan yi ƙaranci ta hanya biyu: ko maraina su lalace, ko kuwa su suna lafiya amma umurni ya daina zuwa. Ido ba ya raba su. Sai an auna jini.

Alamu

A ce ga magidanci, shekarunsa 45. Da can shi kaɗai ya kan gama kunya ashirin kafin hantsi. Yanzu kunya biyar ta isa ya nemi inuwa. Ya kwana yana barci, ya tashi da gajiya. Damtsensa ya saki, tumbi ya fito, ko da ya ke cin tuwonsa bai ƙaru ba. Ya zama mai saurin fushi, ba ya son hira a dandali. In ranar girkin matarsa ta zo, sai ya nemi dalilin daɗewa a waje.

Ba mu ce lalle sinadarin maza ne ya ragu masa ba. Gajiya tana da iyaye da yawa. Zazzaɓin cizon sauro yana kawo ta, tsutsar ciki tana kawo ta, yunwar bazara tana kawo ta. Wanda ya kwana da fargaba, kunnensa yana waje, kamar yadda ƙauyukanmu da yawa suka sha fama a shekarun nan, ba zai tashi da ƙarfi ba, kuma sha'awa ba za ta zo masa ba. Wannan ba ciwon maraina ba ne.

Alamun da suka fi nuna gaskiya su ne na wajen iyali. Sha'awa ta ɗauke, ba na kwana biyu ba, har watanni. Gaban namiji mai lafiya ya kan miƙe da kansa cikin dare ko da asuba, ko bai yi tunanin kome ba. In wannan ya daina gaba ɗaya, alama ce babba. Haka in maniyyi ya ragu ƙwarai. Akwai kuma waɗanda ido ke gani: gemu ya yi sako-sako, har mutum ya lura wanzami ya rage samun aiki a fuskarsa, gashin hammata da na mara ya ragu, maraina su ƙanƙance, su yi laushi, nono ya kumbura kamar na yarinya mai tasowa, wani lokaci da zafi. In ƙarancin ya yi tsanani, mutum ya kan ji zafi ya taso masa farat ɗaya, gumi ya karyo ko da cikin hunturu. In an daɗe ba a kula ba, ƙashi ya kan yi rauni, faɗuwa kaɗan ta karya shi.

Iyaye kuma su duba 'ya'yansu. Yaron da ya wuce shekara 14 babu wata alamar balaga, marainansa ba su fara girma ba, a kai shi asibiti. Yawancinsu jinkiri ne kawai, za su taso. Amma likita ne zai faɗa.

Wani abu mai muhimmanci. Mutum yana da sha'awa sarai, amma gaba ya ƙi tashi, ko ya kwanta da wuri. Yawancin irin wannan ba daga sinadarin maza ya ke ba. Daga jijiyoyin jini ne. Ciwon suga da hawan jini da shan taba suna toshe ƙananan hanyoyin jini, kuma sau da yawa a nan su ke fara nuna kansu kafin su taɓa zuciya. Mutanenmu su kan ce basir ne, ko sanyi, ko an yi masa sammu. Sai a shekara ana shan jiƙo, suga kuwa tana can tana cin jiki.

Abin da ke kawo shi

Tsufa yana rage shi, amma a hankali. Daga wajen shekara 40 ya kan ragu kamar kashi 1 cikin 100 kowace shekara. Wannan bai isa ya kwantar da mutum ba. Kun san tsofaffi masu shekara 70 da a ke yi wa suna. Don haka kada mai shekara 40 ya ce girma ne, ya zauna.

Ƙiba mai yawa tana rage shi ƙwarai, musamman ta tumbi, domin kitse yana juya sinadarin maza ya koma irin na mata. Ciwon suga ma haka. Hangum, watau ciwon nan da ke kumbura ƙarƙashin kunne, in ya kama yaro ƙarami yawanci ya kan wuce lafiya. In ya kama baligi, wani lokaci ya kan sauka maraina, su kumbura, daga baya su shanye. Harbin jaki ko na sa a wurin, ko faɗuwa daga babur, su ma suna lalata su. Ciwon sikila, da ƙanjamau, da tarin fuka, da ciwon hanta ko ƙoda, da yawan shan giya, duka suna cikin masu rage shi.

Sai ƙwaya. A nan za mu tsaya kaɗan, gama abin ya shiga samarinmu. Tiramadol maganin ciwo ne mai ƙarfi, na bayan tiyata da karaya. Amma 'yan ƙwadago da masu haƙar zinariya suna haɗiyarsa don kada su ji gajiya, waɗansu kuma don su daɗe wajen iyali. Wanda ya daɗe yana sha, ƙwayar ta kan hana ƙullutun nan na ƙwaƙwalwa aika umurni. Maraina su yi zaman banza. Abin da ya sha ƙwayar dominsa, shi ne ta ke fara ƙwace masa. Kodin ma ɗan gidansu ne. A shekarar 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Wanda ya bar waɗannan, sau da yawa jikinsa ya kan dawo daidai. Sai dai bari farat ɗaya yana da wuya, yana da haɗari. A nemi taimakon likita.

Akwai kuma abin da ya shafe mu fiye da sauran ƙasashe, watau gubar dalma. Ba wanda ya manta shekarar 2010. Dutsen zinariya da a ke dakawa a gida, a ke niƙawa a injin hatsi, ashe cike ya ke da dalma. Ƙurarsa ta kashe yara wajen 400 a ƙauyuka kamar Dareta da Abare na ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru na ƙasar Bukkuyum. Likitocin ƙungiyar MSF suka zo suka yi aikin magani, aka kwashe ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Ta Bagega sai a 2013 aka kwashe. Hankalin kowa ya tafi kan yara, kuma daidai ne, su ta fi kashewa. Amma dalma ba ta ƙyale manya ba. A jikin namiji tana rage ƙwayoyin haihuwa, ta raunana waɗanda suka saura, ta rage sha'awa. Tana kawo ciwon ciki, da ciwon kai, da hawan jini. Mai aikin dutse ya jiƙa shi kafin niƙa, don ƙura ta kwanta. Kada ya kawo shi gida. Ya yi wanka, ya sāke riga a wurin aiki, ya wanke hannu kafin ya ci abinci. In ya je asibiti, ya gaya wa likita sana'arsa tun da fari.

Matar gida

In aure ya shekara uku ba haihuwa, wa a ke kallo? Matar. Ita a ke kai wa mai magani, ita ke shan gori wurin dangin miji. Wani ya sake ta, ya auri wata, ita ma shiru. Likitoci kuwa sun tabbatar, cikin ma'aurata marasa haihuwa, wajen rabi akwai matsala a wajen mijin, ko shi kaɗai ko tare da matar. Iya kwanciya da iyali ba shaida ba ce cewa ƙwayoyin haihuwa suna nan. Haka kuma matar da mijinta ya ƙaurace wa ɗakinta ta kan ɗauka ya daina sonta, ko kishiya ta shiga tsakani. Da zai buɗe baki ya ce mata jikinsa ne ba daidai ba, da rigima da yawa ba ta tashi ba.

Maganin kasuwa

Ranar kasuwa kuna jin masu lasifika suna tallar maganin ƙarfin maza, da kalmomin da ba za mu rubuta a littafin makaranta ba. Ba su auna kowa. Kwalba ɗaya ce ga mai suga, da mai hawan jini, da mai lafiya. An sha kama irin waɗannan da a ke cewa na gargajiya ne, aka tarar an zuba maganin bature a ciki ba ƙima. Mai ciwon zuciya in ya sha, yana iya faɗuwa. A duba lambar hukumar NAFDAC a jikin kowane magani, ko da ya ke akwai masu buga lambar ƙarya.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne allurar sinadarin maza da waɗansu masu kemis ke yi wa mutane ba takardar likita. Ku ji yadda ta ke aiki. In sinadarin ya shigo daga waje, ƙwaƙwalwa ta kan ga jini ya cika, sai ta daina aika umurni. Maraina su daina aiki, ƙwayoyin haihuwa su ragu, har su ƙare. Wanda ya yi allurar don neman ɗa, ya rufe wa kansa ƙofa. Ya kan ɗauki watanni kafin su dawo, wani har fiye da shekara. Allurar kuma tana kaurara jini. Mai ciwon daji na mafitsara, watau na ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ba a yi masa ita.

Ba mu ce maganin ba shi da amfani ba. Ga wanda aka auna aka tabbatar marainansa sun kasa, alheri ne babba. Akwai na allura, akwai na shafawa. Amma likita ne zai sa ƙima, ya riƙa duba jini lokaci lokaci. Waɗansu kuwa ba su bukatarsa ko kaɗan. Rage tumbi, da gyara suga, da barin ƙwaya, da samun barci sun ishe su.

Zuwa asibiti

A fara da babban asibitin Anka, ko na Gummi, ko na Bukkuyum. Za a auna suga da hawan jini da yawan jini, a duba maraina. In likita ya ga ya kamata a auna sinadarin maza, zai ba da takarda zuwa inda a ke yi, a Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Da safe a ke ɗibar jinin, kafin ƙarfe 10, kafin a karya kumallo, domin sinadarin ya fi yawa da safe, ya kan sauka da yamma. Wanda zai fito daga nesa gara ya kwana a garin. Awo ɗaya bai isa ba. In na fari ya nuna ƙaranci, sai a sake wata rana. Ba a yinsa lokacin da mutum ke kwance da zazzaɓi, gama ciwo ya kan saukar da shi na ɗan lokaci.

A tafi da kwalaye da kwalaben duk abin da a ke sha, na kemis da na gargajiya, a nuna. In maganar haihuwa ce, miji da mata su tafi tare. Za a nemi mijin ya ba da maniyyi a duba, kuma za a ce ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 kafin ranar.