Renon Yara Bayan Tashi Daga Makaranta a Ontariyo: Abin da Tsaurara Doka Ya Haifar

A lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, makarantun firamare kan tashi tsakanin ƙarfe uku zuwa uku da rabi na yamma, iyaye kuwa yawanci ba sa barin wurin aiki sai biyar ko shida. Wannan tazara ce ta raya wuraren da ke riƙe yara bayan tashi, a azuzuwan makaranta da zaurukan coci da masallatai da cibiyoyin unguwa da gidajen mutane. Tun daga 2015 hukuma ke ƙara ɗaure wannan sana'a da lasisi da sharuɗɗa. Tsaurarawar ta yi daidai, kuma ta ƙara wa yara kariya. Sai dai an ɗora wa masu wuraren nauyi ba tare da an ba su abin ɗaukarsa ba, wannan kuwa na mayar da wasu iyalai inda dokar ta so ta raba su da shi.

Abin da ya jawo tsaurarawar

Dalili na farko shi ne wani mummunan lamari da ya auku a watan Yulin 2013, lokacin da wata yarinya 'yar shekara biyu ta rasu a wani gidan reno marar lasisi a garin Vaughan, arewa da Toronto. An tarar da yara sama da ashirin a wurin, alhali doka ta taƙaita marar lasisi ga yara biyar. Bayan haka ta fito fili cewa an sha kai wa Ma'aikatar Ilimi ƙorafi kan gidan, ba a bi diddigi yadda ya kamata ba. A watan Oktoban 2014, mai binciken koke-koken jama'a na lardin, André Marin, ya fitar da rahoto mai shawarwari 113 kan yadda ake sa ido a wuraren reno marasa lasisi. A ƙarshen shekarar majalisar lardi ta amince da sabuwar dokar kula da yara, wadda ta fara aiki ranar 31 ga Agustan 2015, ta maye gurbin tsohuwar dokar da ta samo asali tun shekarun 1940.

Dalili na biyu shi ne sauyin tsarin makaranta. Tsakanin 2010 da 2014 lardin ya mayar da karatun 'yan shekara huɗu da biyar na yini cikakke, don haka yaran da a da ke wuni a gidan reno suka koma masu bukatar kulawar safe da ta yamma kawai. Daga Satumban 2017 kuma aka wajabta wa hukumomin makarantu samar da shirin kafin shiga aji da bayan tashi ga yara 'yan shekara huɗu zuwa sha biyu, matuƙar akwai isassun masu bukata. Da yawan yara ya ƙaru, dole ido ya ƙaru a kansu.

Ƙofofin da mai neman lasisi ke bi

Ma'aikatar Ilimi ce ke ba da lasisi, kuma ita ke gindaya yawan ma'aikata: mutum ɗaya ga yara 13 a rukunin 'yan shekara huɗu da biyar, ɗaya ga 15 a rukunin 'yan firamare, ɗaya ga 20 a rukunin 'yan shekara tara zuwa sha biyu. Kowane ma'aikaci sai ya kawo takardar binciken 'yan sanda da ake yi wa masu aiki da yara, ya kuma sami horon agajin gaggawa. Sufetoci na zuwa ba sanarwa, sakamakon bincikensu kuma ana sa shi a intanet kowa ya gani. Tarar da ma'aikatar ke iya yankewa da kanta na kaiwa dalar Kanada 100,000, idan kuwa aka je kotu tana iya kaiwa 250,000, ko ɗaurin shekara guda, ko duka biyun.

Amma kafin ma'aikatar ta sa hannu, sai mai nema ya nuna cewa gininsa ya cika dokokin ƙaramar hukuma. Akwai dokar tsara unguwanni, wadda ke faɗin irin harkar da aka yarda a yi a kowane fili. Akwai ƙa'idar gini, da amincewar 'yan kwana-kwana, da sharuɗɗan jami'an lafiya kan abinci da tsafta. Kowane da ofishinsa da lokacin da yake ɗauka. Zauren da ya halatta a yi taron ibada a cikinsa ba lallai ne ya halatta a riƙe yara kullum ba, kuma dokar Toronto ba ita ce ta Mississauga ko Ottawa ba. A nan ne ƙananan ƙungiyoyi suka fi tuntuɓe, domin sukan kama hayar wuri su fara biya, sannan su gane cewa sai an yi gyara mai tsada ko an nemi izini na musamman daga hukumar gari.

Abin da ya biyo baya

Ribar a bayyane take. Uwa na iya duba tarihin wuri kafin ta miƙa ɗanta. Marar lasisi dole ya sanar da iyaye a rubuce cewa ba shi da lasisi, kuma ba zai hana su shiga ganin 'ya'yansu ba. Sufeto na da ikon dakatar da wuri nan take idan ya ga haɗari. Rigakafi ya fi magani, kuma wanda ya san abin da ya faru a Vaughan ba zai yi fatan a koma baya ba.

Illar farko ita ce harkar ta karkata ga masu ƙarfi. Manyan ƙungiyoyi irin su YMCA na da ma'aikatan da aikinsu shi ne bin takardu, kuma shirye-shiryen da ke cikin ginin makaranta sun sami sauƙi a sharuɗɗan gini, tunda makarantar ta riga ta cika nata. Ƙungiyar unguwa ko ta baƙin da suka zo daga wata ƙasa ba ta da wannan gata.

Illa ta biyu ita ce gudu zuwa ga sassaucin doka. Dokar ta cire shirye-shiryen da ainihin manufarsu koyar da wasanni ne ko zane ko kiɗa ko harshe ko addini, shi ya sa karatun Alƙur'ani na yamma a masallaci ba ya bukatar lasisin reno. Amma idan aka fara ɗauko yara daga makaranta kullum, a riƙe su har iyaye su tashi aiki, ma'aikatar na iya cewa wannan reno ne, ko da wane suna aka sa masa. Akwai kuma rukunin shirye-shiryen motsa jiki da koyon fasaha da aka yarda wa wasu ƙungiyoyi su gudanar ba lasisi har sa'o'i uku a rana, wanda a 2019 aka buɗe shi ga 'yan shekara huɗu da biyar. Wannan ya ƙara gurabe, amma ya sa yara masu shekaru ɗaya na ƙarƙashin ma'auni biyu, iyaye da yawa kuma ba su san bambancin ba.

Illa ta uku ta kuɗi ce da ma'aikata. A watan Maris na 2022 Ontariyo ta sa hannu da gwamnatin tarayya kan shirin rage kuɗin reno, kuma daga Janairun 2025 aka ƙayyade shi a dala 22 a rana. Amma ragin na 'yan ƙasa da shekara shida ne. Da yaro ya wuce wannan iyaka, iyayensa na biyan cikakken kuɗi, sai dai masu ƙaramin ƙarfi da suka sami tallafi. Aikin kansa a rabe yake, sa'o'i kaɗan da safe, kaɗan da yamma, don haka ƙwararrun malaman reno kan fi son aikin yini cikakke. Tunda yawan yara a ɗaure yake da yawan ma'aikata, rashin mutum ɗaya na nufin rufe gurbi 15 a rukunin 'yan firamare. Iyalan da suka rasa gurbi kan koma ga maƙwabciya marar lasisi, ko su bar yaro da makullin gida.

Abin da ya kamata a gyara

Sassauta yawan ma'aikata ko sharuɗɗan gobara ba mafita ba ne, domin su ne ke kare ran yaro. Gyaran yana wurare uku. Lardin na da hukumomin yanki 47 da ke tsara harkar reno, kuma ya dace kowace ta zama ƙofa ɗaya da za ta haɗa mai nema da ofishin tsara gari da 'yan kwana-kwana da jami'an lafiya tun kafin ya biya haya. Ƙananan hukumomi su halatta wannan aiki kai tsaye a wuraren ibada da cibiyoyin unguwa da suka cika sharuɗɗan tsaro. Tallafin gwamnati kuma ya kai ga 'yan shekara shida zuwa sha biyu, tare da albashin da zai riƙe ma'aikata. Muddin lasisi ya fi ƙarfin ƙananan masu reno, kuɗin renon kuma ya fi ƙarfin iyaye, yaran da suka fi bukatar kariyar dokar su ne za su ci gaba da zama a wuraren da sufeto ba ya zuwa.