Daga garkar albasa zuwa sinima: aikin Sani Magori, mai ɗaukar nauyin fim

A garin Dakoro, kamar sauran garuruwan jahar Maraɗi, da wuya dare ya raba ba a ga samari sun yi da'ira suna kallon fim ba, ko a akwatin talabijin na mai shayi, ko a cikin wayar ɗayansu. Mafi yawan abin da ake kallo daga Kano ya fito, ko kuwa daga Indiya. Sunayen ƴan wasa kowa ya san su, har yara ƙanana. Amma in aka tambayi masu kallon wane ne ya nemo kuɗin da aka yi fim ɗin, wane ne ya ci bashi dominsa, wane ne kuma zai kwana da asara in kasuwa ta ƙi, sai a yi shiru. Wannan mutum shi ne mai ɗaukar nauyin fim, wanda mutanen Kano ke kira furodusa. Ga labarin ɗaya daga cikinsu, Sani Elhadji Magori, ɗan Galmi ta jahar Tawa, wanda ya ɗauki zancen manoma da ƴan ci-rani, cikin harshen Hausa, ya kai shi gaban duniya.

Waɗanda suka share hanya

Ƙasar Nijar ba baƙuwa ba ce a fagen sinima. Tun 1962 Mustafa Alasan ya fito da fim ɗinsa mai suna "Aure". Shi ne kuma ya zama ɗaya daga cikin na farko a Afirka wajen yin fim na zane mai motsi. Umaru Ganda, tsohon soja wanda ya yi yaƙin Indoshin, ya fara ne a matsayin ɗan wasa cikin fim ɗin Bafaranshe Jean Rouch, "Moi, un Noir", a 1958, sa'an nan ya kama aikin kansa. A 1972 fim ɗinsa "Le Wazzou polygame" ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu, wato Dokin Yennenga, a karo na farko da aka ba da ita. Jahar Maraɗi ma ta ba da nata: Mahaman Bakabe, haifaffen Gazawa, ya yi "Si les cavaliers" a farkon shekarun 1980, a kan Damagaram ta zamanin shigowar Turawa.

Sai dai wannan haske bai daɗe ba. Umaru Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981. Kuɗin karfen uraniyom ya faɗi, aljihun gwamnati ya tsuke. A lokacin, ɗanyen fim daga Turai ake sayo shi, a can kuma ake wanke shi, a tace shi. Da aka karya darajar kuɗin CFA a Janairu 1994, tamma ɗaya ta Faransa ta tashi daga 50 zuwa 100, sai duk wannan kashe kuɗi ya ninka cikin dare ɗaya. Gidajen sinima na birane suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, kaset ɗin bidiyo ya maye gurbinsu. Masu fasaha suna nan, labarai suna nan, amma babu mai tsayawa ya tara kuɗi ya kai aiki ƙarshe. A cikin wannan fari ne Sani Magori ya taso.

Ɗan manoma

An haifi Sani Magori a Galmi a 1971. Galmi gari ne na bakin babbar hanyar kwalta, tsakanin Ƙonni da Madawa, kuma sunansa ya tafi ko'ina a Afirka ta Yamma saboda jar albasarsa. Ba sinima ya fara karantawa ba. Ilimin aikin gona ya yi a ƙasar Aljeriya, bayan ya komo gida kuma ya taɓa aikin jarida. Waɗannan sana'o'i biyu su suka gyara masa hanya. Aikin gona ya koya masa lura da ƙasa, da ruwa, da farashi. Aikin jarida ya koya masa zama da mutane da sauraron maganarsu har su saki jiki.

Ƙofar sinima ta buɗe masa ta hanyar wani shiri mai suna Africadoc, wanda wata ƙungiya ta garin Lussas a Faransa ta kafa domin horar da matasan Afirka yin fim na gaskiya, wato irin wanda babu ƴan wasa a cikinsa, mutane ne ake bi da kyamara cikin zamansu na yau da kullum. Ya tafi jami'ar Gaston Berger ta Saint-Louis a Sanigal ya yi karatun wannan fanni. A can ya yi gajeren fim, "Notre pain capital", a 2008, inda ya bi sawun burodi tun daga gidan gashi har zuwa hannun almajirai masu bara a titi.

Aure sai albasa ta nuna

A cikin shekarar 2008 ɗin ne ya fito da aikin da ya sanar da shi ga duniya: "Pour le meilleur et pour l'oignon", fim na minti 52 da ya ɗauka a garinsu. Zancen ba boyayye ba ne ga duk manomi. Wata budurwa ta shekara biyu tana jiran a ɗaura mata aure. Dangin miji sun matsa, gari ya ɗauki surutu. Uban yarinya ya yanke magana: za a yi biki in an cire albasa. Daga nan mai kallo zai bi shi cikin garka, daga dashe zuwa ban ruwa, daga ban ruwa zuwa cira, har ranar ciniki.

Abin da fim ɗin ya bayyana shi ne yadda kasuwa ke riƙe da wuyan talaka. Lokacin cira kowa na fito da albasarsa a tare, sai farashi ya zube. Wanda ke da hali ya zuba tasa cikin rudu ya jira ƴan watanni, ya sayar da riba. Wanda ke da bashin iri da taki da man injin ban ruwa, ga kuma biki a gabansa, ba ya da zaɓi sai ya sayar a kan abin da dillali ya faɗa. Sani bai tsaya ya yi wa kowa wa'azi ba. Ya bar manoma sun yi maganarsu da bakinsu, da dariyarsu da ɓacin ransu. A 2009 fim ɗin ya sami kyautar fim na gaskiya a gasar AMAA ta finafinan Afirka da ake yi a Najeriya.

Kukan kurciya

Aikinsa na gaba ya fi taɓa zuciya, domin ciwon gidansu ne. Mahaifinsa ya tafi Abijan neman kuɗi, shekaru suka yi ta wucewa bai komo ba. Sani ya binciki abin da ya kwashi mazan ƙasarsu zuwa Kurmi a shekarun 1970, sai ya iske cewa bayan yunwa da talauci akwai waƙa. Wata zabiya mai suna Husai ta kasance tana zuga samari a dandali, tana yabon wanda ya fita nema, tana kunyata wanda ya zauna gida. Da yawa sun ɗauki jaka saboda muryarta.

Sai Sani ya je wurin zabiyar, wadda a lokacin ta manyanta, ya roƙe ta ta yi sabuwar waƙa ta kiran mutane gida, ta kuma bi shi har ƙasar Kwaddibuwa ta rera ta gaban waɗanda ta tura. Wannan doguwar tafiya ita ce fim ɗin "Kukan Kurciya" na 2010. Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Duk matar da ke jiran saƙon miji daga Kurmi, ko Libiya, ko Najeriya, duk yaron da ya girma bai san fuskar ubansa ba, zai gane jawabin ba tare da tafinta ba. Mutanen Dakoro da Kornaka, inda ake fita ci-rani da zarar an gama kaka, suna cikin waɗanda zancen ya shafa kai tsaye.

Mene ne aikin mai ɗaukar nauyi?

Finafinan farko na matasan Nijar na wannan zamani, kamfanonin Faransa ne suka tsaya musu. Taimako ne babba, amma yana da sharaɗi: wanda ya sa hannu a takardar kuɗi, shi ke riƙe da haƙƙin fim, shi ke cewa inda za a nuna shi da nawa za a sayar. Saboda haka Sani ya kafa kamfaninsa a Yamai, ya sa masa suna Maggia Images, sunan kwarin Majiya na ƙasarsu.

Aikin mai ɗaukar nauyi yana farawa tun kafin a kunna kyamara. Shi zai zauna da mai labari su gyara shi har ya tsaya da ƙafarsa. Shi zai ƙididdige kuɗin mota, da abinci, da hayar kayan aiki, da ladan mai ɗaukar hoto da mai ɗaukar murya. Shi zai rubuta takardun neman taimako zuwa gidajen talabijin, da sauran masu ba da tallafi. In ya sami abokin tarayya a waje, shi zai yi cinikin rabon haƙƙi, kashi nawa na gida, kashi nawa na baƙo. Bayan an gama ɗauka, saura tacewa, da gyaran murya, da rubuta fassara a ƙasan hoto domin wanda ba ya jin Hausa, da aika fim zuwa bukukuwa.

Babbar wahalar ita ce lokaci. Kwamitocin da ke ba da kuɗi suna zama ne bisa tsarinsu, kuma ba su sakin kuɗin duka a tashi ɗaya. Albasa kuwa ba ta jiran kwamiti, tsohuwar zabiya ma ba ta jira. In lokacin ɗauka ya zo kuɗi bai iso ba, mai ɗaukar nauyi ne zai fitar daga aljihunsa ko ya ranto. In tallafin ya faɗi, bashin nasa ne. A nan ya yi kama da manomin da ke cikin fim ɗinsa. Akwai kuma nauyin amana: mutanen da suka buɗe wa kyamara ƙofar gidansu suna nan a gari bayan baƙi sun tafi, dole a kare mutuncinsu.

A Kano hanyar dabam ce. Tun fim ɗin "Turmin Danya" na 1990, furodusa a can kasuwa ya dogara da ita: ya zuba jari, ya sayar wa jama'a, ya juya kuɗin cikin wani sabon aiki. Fim na gaskiya ba ya da irin wannan kasuwa a Nijar, shi ya sa ake neman tallafi.

Hannun da ya miƙa wa na baya

Ana gane mai ɗaukar nauyi na ƙwarai da aikin da ya tsaya wa wasu. Kamfanin Maggia Images, tare da kamfanin Les Films du Balibari na Faransa, shi ya ɗauki nauyin "L'Arbre sans fruit", wato itacen da ba ya ƴaƴa, na Aisha Maki, ƴar Damagaram, a 2016. Fim ɗin ya taɓo zancen da ake ɓoyewa cikin ɗaki: halin macen da ba ta sami haihuwa ba, da yadda ake ɗora mata laifi ita kaɗai ba a binciki miji ba. Shi ma ya ci kyautar AMAA a shekarar. Aisha ta kafa nata kamfani, ta kuma fito da fim mai suna "Zinder" a 2021, a kan matasan unguwar Kara-Kara. Haka sana'a ke yaɗo, wanda aka riƙe wa hannu jiya shi ke riƙe wa wani yau. Gwamnati kuma ta taɓa damƙa wa Sani Magori shugabancin Cibiyar Sinima ta Ƙasa, CNCN, wadda aka kafa a 2008.

Abin da ya rage

Duk da waɗannan nasarori, akwai gyara. Fim da aka yi da Hausa, a kan manoman Hausa, ya fi saurin isa gaban ƴan kallo na Turai da ya isa garuruwa irin su Dakoro. Dattawa suna tune da zamanin majigi, lokacin da mota ke zuwa da farin ƙyalle a kafa shi a dandali, gari duka ya fito. Mustafa Alasan da kansa ya yi yawon ƙauyuka yana nuna finafinai, kafin rasuwarsa a 2015. Yau kayan nuni sun yi sauƙi, sun yi araha fiye da da. Magadan gari, da shugabannin makarantu, da malaman yaƙi da jahilci suna iya neman izinin masu haƙƙi su shirya daren kallo, a bi shi da muhawara. Ya kamata kuma mai kallo ya sani cewa duk fim ɗin da aka kwafa daga waya zuwa waya ba tare da biya ba, guminsa na wani ne.

Ƙasar Dakoro kuwa cike take da labaran da ke jiran mai ɗauka. Ga kwarin Tarka, inda gona da makiyaya ke gogayya tun dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa. Ga dajin Gadabeji da namunsa. Ga masu haƙar rijiyoyi masu zurfi, da matan da ke jan guga tun asuba. Ga tsofaffin da suka ga farin 1973 da na 1984 da idonsu, waɗanda kullum raguwa suke yi. Sani Magori bai je nesa neman labari ba, garkar garinsu da gidan ubansa ya duba. Yaron da ke zaune yau a lakwal a Dakoro ko Barmo yana iya bin wannan hanya, in ya yi karatu, ya iya lissafi, ya kuma sami manyan da za su tsaya masa.